Tsoron Allura Ma Ciwo Ne, Kuma Yana Da Magani

Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, matafiyin da ya bi titin Kano zuwa Zariya da idonsa zai gane ya shigo ƙasar Garun Malam. Yana wuce Kura kwanduna za su fara tarbarsa, jere a bakin titi, ja wur da tumatir, har ya isa Kwanar Gafan inda manyan motoci ke lodi zuwa kudu. Ruwan da ke raya wannan harka daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974, ya biyo babbar magudana ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Shi ya sa a Kadawa da Ciromawa da Dakasoye noma ba ya yankewa: a tashi daga shinkafa a faɗa tumatir da albasa da alkama, kafin a huta damina ta kawo kai.

Aiki ne na masu ƙashi. Mai ban-ruwa yakan kwana a gona, ƙafa ba takalmi, cikin taɓon da ya sha takin shanu da na kaji. Mai yankan shinkafa kuwa da wuya kaka ta wuce lauje bai taɓa masa yatsa ba. In hakan ta faru sai a yagi tsumma a ɗaure, wani ma ya barbaɗa ƙasa, a koma bakin aiki. A cikin wannan ƙasa da wannan taki ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau take kwance shekara da shekaru, tana jiran ƙaramar kafa ta shiga jiki, ta sarƙe haƙora, ta sandarar da wuya da baya. Allurar da ke tare ta rabin mililita ce, kashi ɗaya cikin goma na cokalin shayi, ana yin ta a damtse, ana maimaitawa lokaci bayan lokaci. Amma a ce wa wannan jarumin ya je asibiti a yi masa, sai a ji amsar da kowace malamar asibiti ta haddace: "Ni jinina ba ya karɓar allura." Ko kuma, "Malama, a dai ba ni ƙwaya." Ko, "Sai na gama tsinkar tumatir."

Sau da yawa abin da ke bayan waɗannan kalamai tsoro ne, tsoron tsinin allurar kanta. A ƙasar Hausa, inda ake yabon yaro saboda bai yi kuka a hannun wanzami ba, babban mutum ba zai buɗe baki ya faɗi haka ba. Sai tsoron ya sa wata riga, masu aikin lafiya su rubuta shi a sahun "masu ƙin rigakafi", a turo masa mai unguwa da liman. Alhali maganinsa daban ne, kuma kusan kyauta.

Abin bai tsaya ga manomin Garun Malam ba. A 2012 wani bincike da Farfesa Anna Taddio ta jagoranta a birnin Toronto na ƙasar Kanada ya gano cewa yara 63 cikin 100 na tsoron allura, iyayensu kuma 24 cikin 100. A 2021, lokacin rigakafin korona, masana a Jami'ar Oxford sun tambayi manya fiye da 15,000 a Birtaniya, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na da alamun tsoro mai tsanani na allura ko jini, suka kuma ƙiyasta cewa da za a kawar da wannan tsoron kaɗai, da masu jan ƙafa wajen karɓar rigakafin sun ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Waɗannan ƙasashe ne masu wadatar asibitoci. Babu dalilin zaton cewa jikin Bakano ya bambanta da nasu.

Ba a haifi kowa da wannan tsoro ba, koyonsa ake yi, kuma makarantar farko gida ce. Yaro na rigima, uwa ta gaji, sai ta ce, "Ka yi shiru ko in kira mai allura." Yarinya ta ƙi cin tuwo, yayarta ta ce, "Bari a kai ki kemis a tsira miki." Kafin yaro ya kai shekara biyar ya riga ya san cewa allura horo ce da ake yi wa mai laifi. Ranar da aka kai shi rigakafi kuma sai abin ya tabbata a idonsa: an ce masa kasuwa za a je, ga shi a asibiti, mutum biyu sun danne shi, wani ya riƙe ƙafa, an ce ba zafi, ga zafi, ya yi kuka, an yi masa dariya ko tsawa. Wannan yaron ne zai girma ya zama maigida mai yanke hukunci a kan ko za a kai jaririya rigakafi ko ba za a kai ba.

Makaranta ta biyu ita ce allurar barkatai. Mutanenmu da yawa sun yi imani allura ta fi ƙwaya ƙarfi, don haka ɗan zazzaɓi kaɗan sai kemis, sai allura a ɗuwawu, wani lokaci a hannun wanda bai koyi aikin ba. Daga nan ake samun kumburin da ke yin ruwa har a kai ga tsagawa, da yaran da aka taɓa wa jijiya ƙafa ta shanye. Wanda ya ga haka a gidansu yana da hujjar ɗar-ɗar. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne allurar rigakafi tsarinta daban: a cinya ake yi wa jariri, a damtse ake yi wa babba, nesa da waccan jijiya, kuma da sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, a jefa shi cikin kwalin da za a ƙona.

Kano tana da wani tarihin kuma, wanda ya sa hankalin hukumomi ya karkata wuri ɗaya. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano; cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa, ba a dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birni. Daga waɗannan darussa masu ɗaci aka gina hanyar lallashi da ta haɗa sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, kuma ta yi aiki. Yaron ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Kano an same shi a Sumaila a 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Sai dai wancan yaƙin da ɗigo biyu a baki aka ci shi, har ƙofar gida. Sauran rigakafin kusan duk allura ne, kuma uwa ce ke ɗaukar ɗanta ta taka zuwa asibiti. Ranar haihuwa akwai ta tarin fuka da ta ciwon hanta. A sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu akwai allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau, tare da ta ciwon huhu. A wata tara ga ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata goma sha biyar a maimaita ta ƙyanda. A zama ɗaya jariri na iya karɓar allura biyu ko uku. Uwar da ta yarda ɗari bisa ɗari cewa maganin lafiya ƙalau yake, tana iya kasa jure ganin hakan. In kuma yaron ya kwana yana kuka da zazzaɓi, cinya ta kumbura, maigida wanda zai yi asubancin ban-ruwa bai runtsa ba, hukuncin da ke biyo baya sananne ne: "Kada a sake kai min yaro."

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 65 cikin 100 sun karɓi zagayen farko na allurar mai cututtuka biyar, amma 50 kacal suka kai na uku. Dalilan suna da yawa, akwai nisa, akwai kuɗin mota, akwai ranar da aka je ba a tarar da ma'aikaci ba. Amma waɗannan iyaye ne da suka riga suka zo da ƙafarsu sau ɗaya. Abin da suka gani a zuwan farko, da daren da ya biyo baya, yana cikin abin da ke hana na biyu.

An ga kuɗin da ake biya. Tun daga Disamban 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda suka kamu, akasarinsu yara, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. A Asibitin Murtala da ke birni sai da aka ware sashe na musamman tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Yaron da mashaƙo ya toshe wa maƙogwaro, ta jijiya ake ba shi magani, kwana da kwanaki, allura bayan allura. Wanda ake zargin sanƙarau ya kama kuwa har ruwan ƙashin bayansa ake zuƙa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Abin farin ciki, yadda za a rage zafi da tsoron nan sananne ne. A Satumban 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta a kan rage zafi lokacin rigakafi, kuma da gangan ta zaɓi matakan da ba sa buƙatar kuɗi ko ƙarin kayan aiki. Na farkonsu yana ƙirjin kowace mai jego. Nono yana rage wa jariri zafin allura ƙwarai, saboda zaƙinsa da tsotson da ɗumin jikin uwa. A ranar rigakafi, maimakon a shimfiɗe jaririya a kan benci a danne, uwa ta zauna a kujera, ta kwanto ta daga goyo, ta rungume ta a ƙirji, ta yafa mayafi ta ba ta nono. Malamar ta jira har tsotson ya kankama, ta buɗe cinya kawai, ta yi allurar da sauri ba tare da jan sirinji baya ba, ta fara da wadda ba ta cika zafi ba, ta ƙare da mai zafin. In akwai ɗigon maganin gudawa, wanda yake da zaƙi, a fara da shi. Jaririya za ta saki nono ta tsala ihu, uwa ta ce, "Yi haƙuri 'yar albarka, an gama," ta mayar mata, kafin a gama cike kati ta yi shiru. Tsoron da wasu ke yi cewa jariri zai ƙware in ana allura yana shan nono, masu bincike ba su ga hakan ba.

Sannan a sallami uwar da gaskiya. Malamar ta ce, "Maman yarinya, wataƙila jikinta ya yi ɗumi yau da gobe, wurin ma ya ɗan kumbura. Alama ce jiki ya karɓa. Ki yawaita ba ta nono, ki ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, kada ki gasa, kada ki shafa man zafi. Ga yadda za ki ba ta farasitamol in zazzaɓin ya dame ta. In ya wuce kwana biyu, ko kika ga abin da bai kwanta miki ba, ki dawo. Ki kuma gaya wa babanta tun kafin dare." Wannan jawabin bai kai minti ɗaya ba. Zazzaɓin da aka yi wa maigida gargaɗinsa da rana, in ya zo da dare ba ya zama abin zargi.

Yaron da ya fara wayo kuma gaskiya yake buƙata. A gaya masa inda za a je da abin da za a yi: zai ji tsini na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Kalmar "ba zafi" ita ce ta fi kowace ɓarna, domin da zarar ya ji zafin ya daina yarda da uwar da malamar gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a guje mata. Ya zauna a cinyar uwarsa ko babansa, a rungume shi ba a danne ba. A ɗauke hankalinsa da hira, ko hoto a waya, ko a ce ya ja numfashi ya hura a hankali. A bar shi ya zaɓi ko zai kalla ko zai kau da kai. In ya yi kuka kada a kira shi rago, in an gama a yaba masa.

Babba kuma matakinsa na farko shi ne ya faɗa. Ya matsa kusa ya ce, "Malama, ni fa allura na tayar min da hankali." Ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta zaunar da shi inda ba idon jama'a, ta ɓoye sirinjin har sai lokaci ya yi, ta ja shi da hirar farashin kwando a Kwanar Gafan. Ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya zo, ya saki damtsen ya yi laushi, ya kalli bango, ya ɗan yi tari ko ya riƙe numfashi daidai lokacin da tsinin zai shiga. Maniyyata aikin Hajji shaida ne cewa ana iyawa: Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma kowace shekara dattawan da suka shekara hamsin suna kauce wa asibiti suna naɗe hannun riga a yi musu.

Akwai masu suma, kuma nan ne jita-jita ta fi samun abinci. Ga wasu mutane, ganin allura ko jini na sa bugun zuciya da hawan jini su faɗi farat ɗaya, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa, sai jiri, sai gumi, sai duhu. Ba maganin ne ya kayar da su ba, ba kuma iska ba ce. Da ruwan gishiri aka yi musu ma haka za ta faru. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, cikin ɗan lokaci zai farfaɗo. Wanda ya san yana da wannan hali ya nemi a yi masa a kwance. Akwai kuma dabarar da masanin halayyar ɗan'adam Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya fito da ita a shekarun 1980: mutum ya ɗaure naman ƙafafunsa da cikinsa da hannun da ba za a yi wa allurar ba na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ya ji ɗumi a fuska, ya saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya maimaita sau biyar. Hakan na riƙe hawan jini kada ya faɗi. Bayan an gama kowa ya zauna minti 15 kafin ya hau babur. Wanda tsoronsa ya kai ga ƙin gwajin jini ko awon ciki, akwai likitocin da ke warkar da shi ta hanyar sabawa mataki-mataki, daga kallon hoton sirinji har zuwa riƙe shi a hannu, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen da ya dace.

Makarantu na buƙatar kulawa ta musamman. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma waɗannan ne shekarun da tsoro ya fi saurin yaɗuwa daga ɗaya zuwa ɗaya. A 2014, a garin El Carmen de Bolívar na ƙasar Kolombiya, ɗaruruwan 'yan mata sun riƙa suma bayan irin wannan rigakafi. Binciken hukumar lafiyar ƙasar bai sami laifin maganin ba, ya danganta abin da firgici da ya bazu tsakaninsu, amma hotunan sun riga sun zaga ƙasa, karɓar rigakafin ta faɗi warwas na shekaru. A yau da kowane saurayi ke da waya, yarinya ɗaya da ta yanke jiki a gaban aji a Kura ko Bunkure ta isa ta rusa aikin wata guda. Kariyar mai sauƙi ce: kada a jera ɗalibai a rana suna kallon juna, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya bayan labule, a zaune, bayan sun karya kumallo.

Wata rana wataƙila tsinin ma zai ragu. A Gambiya an gwada wani ɗan manne mai kama da filasta da ke isar da rigakafin ƙyanda ta fata, kuma sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna ya kare jarirai fiye da 90 cikin 100, kusan daidai da allura. Amma yana matakin gwaji, yaran da za a haifa a Garun Malam bana da allura za su sami kariyarsu.

Saboda haka aikin na yanzu ne. Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano da sassan lafiya na Garun Malam da Kura da Bunkure su sa rage zafi cikin horon da suke ba masu rigakafi, yadda suke koya musu ajiye magani cikin sanyi. A tanadi kujera da labule a kowane wurin rigakafi, don uwa ta shayar ba tare da kunya ba, babba kuma ya faɗi tsoronsa ba a ji ba. Masu zana fastoci da masu ɗaukar hoton talabijin su daina cika ido da ƙaton sirinji. Kwamitocin lafiya na mazaɓu su kai maganar majalisun maza da rumfunan Kwanar Gafan, inda masu yanke hukuncin gida suke, su haɗa da batun allurar tsinkau-tsinkau ga masu aiki cikin taɓo da lauje. Iyaye kuma, tun daga yau, a daina yi wa yaro barazana da mai allura. A ɗauko katin rigakafin a duba ranar da ta rage. In an tsallake wata, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba.